Danna Layi Ukun Nan: Yadda Samaru Da Sabon Gari Ke Karanta Fuskar Intanet

A jarrabawar shiga jami'a ta 2017, hukumar JAMB ta yi wata dabara da ba ta sami yabon da ya dace da ita ba. Shekara biyu kafin nan ta yi sallama da takarda da fensir, ta mayar da jarrabawar kacokan kan kwamfuta, sai ta tarar ɗimbin yara na shiga ɗakin jarrabawa ba su taɓa ɗora hannu kan linzamin kwamfuta ba. Yaro ya san amsa, amma 'yar kibiyar da ke yawo kan allo ta ƙi tsayawa inda yake so, lokaci kuma na tafiya. Hukumar ta ce to a bar linzamin, maɓalli takwas sun wadatar. A, B, C da D na zaɓen amsa. N ta kai ka tambaya ta gaba, P ta dawo da kai baya, S ta miƙa aikinka, R kuma ta janye ka idan ka taɓa S ba da niyya ba.

Sana'ar tsara fuskar manhaja ke nan a taƙaice: a kalli hannun mai amfani kafin a zana abin da zai taɓa. Sai dai kafin ɗalibi ya kai ga waccan kujera, da kuma bayan ya tashi daga kanta, akwai shafuka da dama da zai ratsa: na sayen fom, na biyan kuɗi ta Remita, na duba sakamako, na karɓar gurbin karatu, na rajistar kwasa-kwasai, na neman ɗakin kwana. Kowanne da inda ya ɓoye maɓallansa. A 'yan shekarun nan kusan mutum miliyan 2 ke bin wannan hanya duk shekara a faɗin Najeriya. A Samaru kuwa, garin da ya yi girma a jikin Jami'ar Ahmadu Bello tun da aka buɗe ta a 1962, wannan ɓuyan maɓallai ya zama hanyar cin abincin mutane da yawa.

Duk wanda ya bi titin Sakkwato ta gaban ƙofofin jami'ar ya san jerin shagunan nan: injin fotokwafi a bakin ƙofa, firinta, farin ƙyalle a bango don ɗaukar hoton fasfo, janareto ko farantin sola, da matashi zaune gaban kwamfuta mutane sun yi masa rumfa. Har yanzu sunansu kafe, ko da yake zamanin sayen awa guda a zauna a yi burauzin ya shuɗe tun da waya ta kawo intanet aljihun kowa. Yawancin masu jiran layi suna riƙe da wayar da za ta iya buɗe shafin da suka zo dominsa. Ido suka zo haya, ba na'ura ba. Mai kafe ya san maɓallin buga takardar shaida ba ya bayyana sai an ja shafin zuwa gefe. Ya san hoton fasfo ba zai ɗoru ba sai an matse shi zuwa 'yan kilobayit. Ya san lambar RRR ta Remita mai lambobi 12 ita ce abin da banki ke nema, ba hoton allon da aka ɗauko ba. Idan aka ce masa fotal ya ƙi buɗewa, ko yana ta lodin, ya san wanne ne laifin netwok, wanne ne laifin wanda ya zana shafin.

Ilimin nan da ake biyan kuɗi a kansa bai kai girman tsoron da ake ji ba. Shafukan duniya ba su ƙirguwa, amma fasalinsu kaɗan ne, shi ake ta maimaitawa.

Daga zaure zuwa cikin gida

Maginin gargajiya a birnin Zariya bai taɓa buƙatar allon sanarwa don nuna wa baƙo inda zai tsaya ba. Zaure na gaba, shigifa na biye, cikin gida na can baya, kuma ko daga Katsina ka zo ka san inda ake sallama da inda ba a wucewa sai da izini. Shafin intanet ma haka yake: na farko zaure ne na kowa da kowa, inda aka nemi sunanka da kalmar sirri nan ne shigifa, abin da ke bayansa kuwa naka ne kai kaɗai.

Saman shafi masu sana'ar ke kira heda, mu ce goshi. A kusurwarsa ta hagu tambarin mai shafin ke zama, kuma akwai wata al'ada da ba a rubuta ta a jikin kowane shafi ba: duk inda ka ɓace, danna tambarin nan zai mayar da kai farko. Akwai waɗanda suka shekara suna shiga intanet ba su san haka ba, sai su yi ta danna kibiyar komawa baya har su fice gaba ɗaya. Kusa da tambari sai layin menu. Wasu sunayen cikinsa na ɗauke da 'yar kibiya mai kallon ƙasa, alamar cewa in an taɓa wani jerin zai sauko. Can dama kuma akwatin bincike ne mai hoton gilashin ƙara girman rubutu, sai ƙofar shiga ta masu rajista. Ƙasan shafi, futa a bakin masu sana'a, shi aka fi rainawa, alhali nan ake ajiye adireshi da lambar waya da sunan mai shafin. Tsakanin sama da ƙasa galibi katuna ne, wato ƙananan akwatuna masu hoto da kanu da layi ɗaya ko biyu, irin yadda shafin BBC Hausa da na Aminiya ke jera labarai. Da ka shige ciki fasali ya sauya: menu ya miƙe tsaye a gefen hagu, tsakiya ta cika da jadawali da fom. Wannan ɓangaren ake kira dashbod.

Me ya sa komai mai muhimmanci ke fara zama a hagu ta sama? A 2006 Jakob Nielsen, wani masanin sauƙin amfani da shafuka ɗan asalin Danmak da ke aiki a Amurka, ya fitar da sakamakon wani gwaji da aka bi diddigin idanun mutum 232 suna duba shafuka. Ya gano mutane ba sa karantawa, lalube suke yi: layin farko su bi shi zuwa dama, na ƙasa da shi su bi rabi, daga nan ido ya gangara ta gefen hagu yana tsintar farkon kalmomi. Sawun idon ya fito kamar harafin F. Tun daga nan masu zane ke tura muhimmin abu inda F ɗin ya fi kauri. Amma wannan ɗabi'ar masu karanta rubutun da ke tafiya daga hagu ce. A shafukan Larabci komai a juye yake, tambari a dama, menu a dama, har kibiyar ci gaba hagu take kallo. A gari irin Zariya, inda mutane da yawa da allo da tawada suka fara karatu, wannan ba ƙaramin abin lura ba ne ga duk mai tunanin gina shafin ajami.

Gadon jarida

Yawancin wannan fasali daga jarida aka gaje shi. Mai sayar da jarida ninke ta yake yi ya ajiye kan tebur, don haka edita ke sa babban labari a rabin sama, inda mai wucewa zai gani ba tare da ya buɗe ba. Har yau masu zana shafuka na maganar abin da ke saman ninki, suna nufin abin da ke bayyana a allo kafin ka ja shafin sama. Kanu, ginshiƙan rubutu, bayanin ƙasan hoto, duk tsoffin kayan maɗaba'a ne.

A nan Zariya ba baƙuwa ba ce. Cikin garin nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Janairun 1939, Abubakar Imam na editanta, kuma a nan aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, wanda unguwar da ke kewaye da shi ta ci sunansa. Ofishin talifin da Rupert East ya jagoranta na cikin waɗanda suka tsayar da ɓ, ɗ da ƙ masu lanƙwasa a shekarun 1930, bayan an daɗe ana gwada ɗigo da waƙafi. Mutanen wancan zamani sun zauna sun yi tunanin yadda Hausa za ta zauna a kan takarda: girman harafi ga wanda bai daɗe da koyon boko ba, tsawon layi, inda hoto zai shiga. Irin wannan zaman ne ba a yi wa allo ba tukuna.

Abin da aka yi shi ne aro. A 2011 wasu ma'aikatan Twitter biyu, Mark Otto da Jacob Thornton, suka saki wani kayan aiki kyauta mai suna Bootstrap, wanda daga baya ya raba faɗin shafi zuwa ginshiƙi 12. An zaɓi 12 ne saboda tana rabuwa biyu, uku, huɗu da shida ba saura, shi ya sa kake ta ganin katuna uku ko huɗu a jere a shafin makaranta, na otal, na asibiti. Manhajar gina shafuka ta WordPress, wadda ta fito a 2003, ita ke ɗauke da sama da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya. Matashin da ya karanta kimiyyar kwamfuta a Samaru ya sami kwangilar gina wa wata makarantar kuɗi shafi, da wuya ya fara daga farar takarda. Tamfilet zai sauko da shi, ya canza tambari da launi, ya zuba rubutu.

Ban ga laifin wannan ba. Nielsen ɗin nan yana da wata ƙa'ida da ta shahara: mutane a shafukan wasu suke ɓatar da yawancin lokacinsu, don haka sun fi son naka ya yi aiki irin yadda suka saba. Mai neman bajinta ya kai menu inda ba a saba ba, wahalar da jama'a kawai ya yi. Laifin yana wajen abin da ake cusawa cikin tamfilet ɗin. Dubi silaida, babban hoton nan da ke ƙasan goshi yana sauyawa da kansa. A shafukan makarantu da ma'aikatu da yawa shi ya cinye allon farko duka: shugaba na yanka kintinkiri, shugaba na karɓar baƙi, shugaba na miƙa kambu. Ƙasa da shi jawabin maraba na shugaba. Abin da jama'a suka zo nema, wato ranar rufe rajista da adadin kuɗi da inda za a danna, sai an tona. A 2013 wani mai kula da shafin Jami'ar Notre Dame a Amurka, Erik Runyon, ya ƙirga masu taɓa silaidarsu, ya tarar kusan mutum 1 ne cikin 100, su ma mafi yawansu hoton farko suka taɓa. Sauran hotunan ba wanda ya jira su, amma kowa ya biya kuɗin sauke su. Matsakaicin shafi a yau ya haura megabayit 2, akasari nauyin hotuna da lambobin manhaja, ga shi a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100. Dalilin cika shafi da irin waɗannan hotuna bai ɓuya ba. Wanda ya sa hannu a cek shi ake zana wa shafin, shi kuma a ofis yake dubawa, kan babbar kwamfuta, da intanet ɗin da ba daga aljihunsa ake biya ba.

Allon da bai fi tafin hannu ba

Sabon Gari jirgin ƙasa ne ya haife shi, bayan layin dogo ya iso Zariya a 1911. Unguwar PZ, wadda ta samo suna daga kantin Paterson Zochonis, yanzu cibiyar bankuna ce da maɗaba'u da masu sayar da waya da gyaranta. A nan ake ganin ainihin allon da mutane ke duba intanet da shi: Tecno, itel, Infinix, wata a tsage, wata rabin fuskarta ta yi baƙi, ana duba ta a tsakar rana da hannu ɗaya, ɗayan na riƙe da kaya.

A 2010 Ethan Marcotte ya bayyana dabarar da ta sa shafi ɗaya ke lanƙwasa kansa daidai da faɗin allo. Katuna ukun da ke jere a kwamfuta sai su hau kan juna a waya. Menu kuwa ba shi da wurin zama, sai aka naɗe shi cikin wata alama da Norm Cox ya zana wa kwamfutar Xerox Star ta 1981: gajerun layuka uku a kwance. Turawa da sunan burodin nan mai nama a tsakiya suke kiranta. A Sabon Gari sunanta layi uku, ƙanwarta kuma ɗigo uku. Wanda duk ya taɓa yi wa mahaifiyarsa kwatance ta waya ya san jimlar: Hajiya, duba sama ta gefe, danna layi ukun nan.

Illar layi uku ita ce abin da aka naɗe an ɓoye shi, wanda bai san alamar ba kuwa har abada ba zai san akwai wani abu a bayanta ba. Shi ya sa manyan manhajoji suka riƙa fito da muhimman wurare huɗu ko biyar suna jera su a ƙasan allo, kowanne da alama da sunansa. WhatsApp ma ta sauko da nata daga sama zuwa ƙasa a wayoyin Android a 2024. Hikimar tsohuwa ce. Tun 1954 Paul Fitts ya nuna cewa lokacin da hannu ke ɗauka kafin ya cimma abu ya danganta da nisan abun da girmansa. Babban yatsa ƙasan allo ya fi kusa da shi. Apple na ba da shawarar kada wurin taɓawa ya gaza maki 44 a kowane gefe, Google ta ce 48. Ƙa'idar sauƙaƙa shafuka ga masu raunin gani, wadda aka sabunta a 2008, ta ce bambancin haske tsakanin rubutu da bangonsa ya kai 4.5 bisa 1. Rubutun nan mai ruwan toka a kan fari da masu zane ke yayi, a ɗaki mai sanyi yana da kyau, a ranar kasuwar Sabon Gari ɓacewa yake yi.

Waɗanda suka fi gane wannan su ne kamfanonin kuɗi na waya. Lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023, OPay da PalmPay da Moniepoint suka shiga hannun mai nama da mai kayan miya da ɗan acaɓa. Dubi fuskar irin waɗannan manhajoji: kuɗinka a sama da manyan lambobi, kusa da su 'yar alamar ido don rufe su daga maƙwabcin benci, ƙasa kuma manyan alamu kowace da kalma ɗaya ko biyu. Ka sa lambar akawun, sunan mai ita ya fito kafin ka tura. Ka tura, kore ya bayyana. Ɗan kasuwar da ba ya jin Turanci da wuri da launi yake haddace su. Saboda haka ranar da aka sabunta manhaja aka matsar da maɓalli, a wajensa ba kwalliya aka sake ba, hanya aka toshe, kuma masu gyaran waya da masu POS ne ke shan tambayoyi.

Akwatin da ba a auna da sunanmu ba

Duk sassan shafi babu mai cizo kamar fom, domin a nan ne kuskure ke zama takardar rantsuwa a kotu.

Fom yana zuwa da akwati uku: sunan iyali, sunan farko, sunan tsakiya. Tsarin Turai ne, inda zuri'a ke gadon suna ɗaya. Bahaushe sunansa yake ɗauka da na mahaifinsa, wani ya ƙara na kaka, wani na gari, kamar yadda muka san Aminu Kano da Shehu Shagari. To wanne ne sunan iyali? Malamin da ya cika fom ɗin jarrabawar sakandare ya sa na uba. Mai rajistar katin ɗan ƙasa ya sa na gari. Ma'aikacin banki ya juya na farko da na ƙarshe, saboda wani fom da sunan iyali yake farawa, wani da shi yake ƙarewa. Muhammad ya zama Mohammed a nan, Muhammadu a can. Da can kowace takarda na zaune a aljihun teburinta ba ruwanta da wata. Tun da aka fara haɗa rumbunan bayanai, lambar banki ta BVN daga 2014, sannan aka wajabta lambar ɗan ƙasa ta NIN ga masu rajistar JAMB a 2021, sai na'ura ta fara gwada wannan da wancan harafi bayan harafi, ita kuwa ba ta san Ɗanjuma da Danjuma mutum ɗaya ba ne.

Sai waƙafin sama. Asma'u, Sa'adatu, Isma'il, Mu'azu, Rabi'u: fom da yawa ba sa karɓar alamar da ke tsakiyar waɗannan sunaye, domin a wasu harsunan kwamfuta tana da wani aiki na daban, mai gina shafin kuma ya ga ya fi sauƙi ya haramta ta da ya koya wa shafinsa riƙe ta. Sai jan rubutu ya fito wai akwai harafin da bai halatta ba. A cikin sunan da aka yanka wa mutum rago!

Jerin da ke saukowa ma da nasa. Ka zaɓi jiha cikin 36 da Abuja, sannan ƙaramar hukuma, wadda a Kaduna 23 ce. Ɗalibin da ya zo daga nesa ya kama ɗaki a Samaru, Zariya zai zaɓa ba ko tantama, alhali Samaru a ƙaramar hukumar Sabon Gari take. Wanda aka haifa a Sabon Gari, kakansa ya zo aikin reluwe daga Ilori ko Bida, yana fuskantar akwati biyu masu kama da juna, na asali da na mazauni, kuma abin da ya zaɓa zai bi shi har wajen neman gurbi da aiki. Akwatin kwanan wata wani da rana yake farawa, wani da wata irin na Amurka, sai 3 ga Afrilu ta koma 4 ga Maris.

Sauran ƙananan mugunta ne da gyaransu ba wuya. Bayanin da aka rubuta a cikin akwatin da kansa, wanda ke gushewa da zarar ka fara rubutu. Jan tauraron da ke nufin dole a cika, ba a faɗa wa kowa ma'anarsa ba. Saƙon kuskure da ke fitowa can sama alhali kana can ƙasa, ka yi ta danna sabmit kana zagin netwok. Da shafin da ke korar ka bayan 'yan mintoci ya share duk abin da ka cika, a ƙasar da wuta ke ɗaukewa ba sallama. Fom mai mutunci yana rarraba aikin mataki-mataki, ya nuna maka inda ka kai, ya ajiye abin da ka rubuta, ya kuma nuna maka komai ka sake dubawa kafin ya rufe ƙofa.

Macuta ma sun iya zane

Goshi da tambari da launi ba su da wuyar kwaikwayo. Duk lokacin da gwamnati ta buɗe wani shiri, N-Power a 2016 ko bashin karatu na NELFUND a 2024, sai shafukan bogi su biyo baya ta WhatsApp: koren launi, tambarin ƙasa, agogo na ƙirga saura minti kaza, sharhin mutanen ƙarya suna godiya, sannan a ce ka tura wa rukuni biyar kafin a biya ka. Sashe ɗaya ne macuci ba ya iya ɗauka yadda yake, shi ne layin adireshi da ke can saman burauza, wanda kusan ba mai kallonsa. Na hukumomin gwamnati da .gov.ng yake ƙarewa, na manyan makarantu da .edu.ng. 'Yar alamar kwaɗon da ke gefensa ba shaidar gaskiya ba ce, cewa kawai take yi ba mai leƙen abin da ke tsakaninka da shafin, ko da shafin na ɓarawo ne.

Akwai kuma cutar da kamfanoni masu rajista ke yi da zane, wadda Harry Brignull ɗan Ingila ya fara tattara misalanta a 2010. Maɓallin yarda babba mai launi, na ƙi siriri a ɓoye. Akwatin talla da ke faɗowa kan allo, alamar rufe shi ƙanƙanuwa yadda yatsa zai kuskure ya buɗe tallar. Manhajojin caca da na bashin gaggawa sun ƙware a nan.

Wa zai sa wa abubuwan suna?

Google ta sa Hausa cikin manhajar fassararta a 2013, Facebook ta buɗe fuskarta da Hausa a 2016. Duk da haka, ka duba wayoyin da ke hannun mutane, yawancinsu a Turanci aka bar su, har na waɗanda ba sa jin Turancin. Dalili ɗaya shi ne mai taimako: idan ɗanka na Kaduna zai yi maka kwatance, da sunan da ke kan wayarsa zai yi. Wani dalilin shi ne fassarar kan zo da kalmomin da ba mai faɗarsu a kasuwa. Hausar da ke aiki tana bakin masu kafe da masu gyara, kuma tana da tsarinta: aikatau namu ne, danna, latsa, ja, tura, sauke, ɗora, goge, sunaye kuwa aro ne, fotal, menu, fom, data. Mai son fassara maɓalli daga nan ya kamata ya fara. Zai kuma ci karo da matsalar wuri, don abin da Turanci ya faɗa da kalma ɗaya Hausa kan buƙaci biyu ko uku, maɓallin da aka yanka daidai da Turanci sai ya guntule ta. Zai ci karo da salon haruffan da ba su da ɓ, ɗ da ƙ, inda suke fitowa a matsayin fankon akwati ko su yi tsalle su fi 'yan uwansu girma, matsalar da ta sa Google ta ƙera jerin haruffan Noto. Zai kuma yanke shawara kan akwatin bincike: wanda ya rubuta kasa yana neman ƙasa, a nuna masa ko a ce babu?

Masu iya wannan aiki suna cikin harabar Samaru, sai dai kowa na ginin sa. Akwai sashen harsunan Afirka, gidan Farfesa Ɗalhatu Muhammad, wanda ya tace Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi a 1990. Akwai masu zanen talla da bugu a sashen fasahar ƙere-ƙere, magada ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, waɗanda suka dage a ɗauki dabarar waje a zuba mata ruhin gida. Akwai cibiyar kwamfuta ta Iya Abubakar. Akwai cibiyar wayar da kan manoma ta NAERLS, wadda ta daɗe tana tsara wa manoma takardu da fastoci da Hausa, ta san abin da ido ke kamawa a ƙauye.

Gwajin da ake buƙata ba mai tsada ba ne. A 2000 Nielsen ya nuna cewa mutum biyar sun isa su tono kusan kashi 85 cikin 100 na matsalolin amfani da shafi. A ba kowannensu aiki ɗaya, misali ya nemo kuɗin makaranta ko ya buga takardar shaida, mai zanen ya zauna gefe ya kama bakinsa, ya rubuta duk inda yatsa ya tsaya. A gyara, a sake kiran wasu biyar. Sharaɗin shi ne cikin biyar ɗin a sami dattijo da wadda sunanta ke da waƙafi, kuma a yi gwajin a kan wayarsu da layin da ke cikinta, ba kan kwamfutar ofis ba.